Keke, Sikeli Da Saƙon Tes: Yadda Ake Juya Sharar Legas Ta Koma Kuɗi

Hukumar kwashe shara ta jihar Legas, wato LAWMA, ta sha bayyana cewa birnin na fitar da shara kimanin tan 13,000 a kowace rana. Wani kaso na ƙarewa a manyan bololi irin na Olusosun da ke Ojota, wanda gobara ta kama a watan Maris na 2018 har hayaƙi ya turnuƙe unguwannin da ke kewaye. Wani kason kuma ba ya zuwa ko'ina, yana nan kwance a kwata da kwalbati yana jiran damina ta zo ya toshe hanyar ruwa.

A cikin 'yan shekarun nan an gwada hanyoyin fasaha biyu mabambanta don tunkarar wannan tulin shara. Ɗaya ta zo da alƙawarin ɗaruruwan sababbin motoci da kwandunan shara masu na'urar bin sawu. Ɗayar kuwa da keke ta fara, da sikeli, da saƙon tes irin wanda kowace ƙaramar waya ke karɓa. Ta farkon ba ta cika shekara 2 tana aiki yadda aka tsara ba, ta biyun kuwa ta haura shekara 10 ana damawa da ita. Duk mai sha'awar ƙirƙirar manhaja ko shiga wannan sana'a yana da buƙatar sanin dalili.

Injiniyar kwamfuta da ta zaɓi keke

Kamfanin Wecyclers ya soma aiki a Legas a shekarar 2012. Wadda ta jagoranci kafa shi, Bilikiss Adebiyi-Abiola, ta karanci kimiyyar kwamfuta ne a Amurka, ta yi aikin rubuta manhaja a kamfanin IBM na wasu shekaru, sannan ta koma karatun harkar kasuwanci a jami'ar MIT. A can ne ita da abokan karatunta suka tsara dabarar. Wato dai ba rashin iya haɗa manhaja mai ƙyalƙyali ba ne ya sa aka fara da kayan aiki masu sauƙi. Zaɓi ne da aka yi bayan an dubi unguwannin da za a shiga.

Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Gida zai yi rajista da lambar waya. Mutanen gidan su riƙa ware gorunan roba da ledar fiya-wata da gwangwanayen lemo daban da sauran shara. A ranar da aka tsayar, ma'aikaci zai iso a kan keke mai ɗauke da manyan buhuna ko akwati a baya, ya ɗora kayan a sikeli a gaban mai gida, ya shigar da nauyin. Daga nan sai saƙon tes ya shigo wayar mai gidan yana sanar da shi makin da ya samu da jimillar abin da ya tara. Idan maki ya taru, sai a musanya shi da kayan amfanin gida, ko kayan abinci, ko kuɗi.

Keken ya samo asali ne daga yanayin hanya. Unguwannin talakawa a Legas lunguna ne matsattsu, wasu ma ruwa ke kwanciya a cikinsu, babbar motar shara mai matse kaya ba za ta iya kutsawa ba. Keke ba ya shan mai, kuma duk mai gyaran keke na bakin titi zai iya ɗinke matsalarsa. Daga baya, da aiki ya bunƙasa, kamfanin ya ƙara da babura masu ƙafa uku da motoci, amma a kan keken aka gina suna. Bilikiss ta lashe kyautar Cartier ta mata 'yan kasuwa a 2013, kamfanin kuma ya karɓi kyautar Sarki Baudouin ta ƙasar Beljiyam a 2019, wadda ake bai wa masu ayyukan raya Afirka.

Aikin da wayar ke yi a zahiri

A nan ne masu ƙirƙirar manhaja da yawa ke yin tuntuɓe. Suna ɗaukar wayar a matsayin ita ce sana'ar, alhali ita magatakarda ce kawai. Waya ba ta ɗaga buhu. Abin da take yi shi ne riƙe lissafi tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba.

Matsalar ita ce sharar gida ɗaya a mako ba ta da wata daraja ta a zo a gani. Idan aka ce za a biya mai gida a take, abin da zai shiga hannunsa bai taka kara ya karya ba, ga wahalar neman canji, ga haɗarin bai wa ma'aikaci tsabar kuɗi ya yi ta yawo da su a lungu. Maki ya warware wannan. Yana tara ƙananan ciniki har su zama abin da mutum zai ji daɗin karɓa. Saƙon tes kuma shi ne rasit: ya fito daga kamfani kai tsaye, ma'aikaci ba shi da damar rage kilo ya saka a aljihu, mai gida kuma yana da shaida a hannu. Ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar babbar waya, kuma ko wanda bai yi nisa a karatu ba yana gane lamba.

Ta ɓangaren kamfani, wannan lissafin yana nuna wace unguwa ce ke ba da kaya da yawa, wane ma'aikaci ne ke kammala zagayensa, da inda ya dace a buɗe sabuwar matattara. Yanzu da manyan wayoyi suka yawaita an samu manhajoji irin su Pakam, wadda LAWMA ta runguma a shirinta na sake sarrafa shara, inda mutum zai latsa ya kira mai karɓar kaya mafi kusa da shi kamar yadda ake kiran tasi. Dabara ce mai kyau, sai dai ƙarfinta bai wuce yawan masu karɓar da ke bayanta ba. Wanda ya latsa sau biyu ba a zo ba, ba zai sake ware gora ba.

Gorar roba kusan duk iska ce

Ribar wannan sana'a da asararta suna cikin wani lissafi mai sauƙi. Gorar lemo ko ta ruwa mai rabin lita nauyinta bai wuce giram 15 zuwa 25 ba. Ke nan sai an tara kamar gora 40 zuwa 67 kafin a samu kilo 1, kuma tan 1 na buƙatar wajen gora 50,000. Masana'antu kuwa da tan suke saye.

Idan aka loda gorunan nan a mota yadda suke, mota za ta cika maƙil amma nauyin kaɗan ne, direba ya ƙona man dizil wajen jigilar iska. Shi ya sa na'urar da ta fi kowace muhimmanci a matattarar kaya ba kwamfuta ba ce, injin matsi ne. Injin yana amfani da ƙarfin mai, irin na jak ɗin ɗaga mota amma babba, ya danne dubban goruna su koma dila ɗaya mai kusurwa huɗu, a ɗaure ta da waya ko igiya. Sai an yi haka kuɗin mota ke fita. Wasu kuma injin niƙa suke sakawa, su ɓarza robar ta koma ƙanana-ƙanana a zuba a buhu. Duka biyun wuta suke ci, kuma inda babu tsayayyen lantarki janareta ne ke cinye wani babban yanki na ribar.

Don haka ne ma ake kafa ƙananan matattarai a cikin unguwanni maimakon babbar cibiya guda a bayan gari. Keke ya yi gajeriyar tafiya da kaya marasa nauyi, babbar mota ta yi doguwar tafiya da kayan da aka riga aka matse.

Ba duk roba ce ɗaya ba

Idan mai karatu ya juya gindin gora ko bokiti, sau da yawa zai ga ƙaramar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 1 ita ce PET, robar gorar ruwa da lemo. Lamba 2 ita ce HDPE, ta jarkoki da robar man shafawa. Lamba 4 LDPE ce, dangin ledoji masu laushi. Lamba 5 kuma PP, wadda ake yin bokitai da kujeru da ita. Kowace da zafin da take narkewa, kuma idan aka cakuɗa su abin da zai fito ba shi da ƙwari.

Wadda masu sarrafa PET suka fi tsoro ita ce lamba 3, wato PVC. PET na narkewa ne a wajen digiri 250 na ma'aunin Selshiyos, ita kuwa PVC kafin a kai nan ta riga ta ƙone ta fara fitar da asid, ta bar baƙin tabo a cikin kayan. 'Yar kaɗan daga cikinta na iya ɓata kaya masu yawa, mai saye ya karya farashi ko ya mayar da lodin gaba ɗaya.

A matattaran Legas da hannu ake tantancewa, kuma mata ne suka fi yawa a aikin. Suna ware farar gora daga koriya da ruwan ƙasa, saboda farar ta fi tsada tunda za a iya rina ta kowane launi. Suna cire takardar jiki da murfi. A masana'anta kuma akwai wata dabara mai ban sha'awa da ba ta buƙatar wata na'ura mai ƙwaƙwalwa: bayan an niƙa, sai a zuba ɓarzajjen a cikin tankin ruwa. PET ta fi ruwa nauyi, sai ta nutse. Robar murfi ba ta kai ruwa nauyi ba, sai ta taso sama a kwashe. Daga nan a wanke da ruwan zafi da sinadari don fitar da gam da ragowar sukari, a busar. Abin da ya fito ana narka shi a ja shi ya zama zaren da ake cusa wa filo da katifa ko a saƙa tufafi, wani kuma a fitar da shi ƙasashen waje.

A Turai na'ura ce ke yin tantancewar. Kaya na gudu a kan bel, fitila na haska su da wani haske da ido ba ya gani, na'urar gani ta karanta yadda hasken ya dawo ta gane nau'in robar, sai bututun iska ya hura ta gefe cikin ƙiftawar ido. Injin yana da sauri ƙwarai, amma tsadarsa da buƙatarsa ta wuta mara yankewa sun sa a yanzu hannun mutum ya fi shi dacewa da yawancin garuruwan Afirka ta Yamma. Kuma ko a can, injin ya fi yin aiki da kyau idan tun daga gida aka raba kayan. Gorar da ta kwana cikin miya da ƙunzugun yara ta riga ta rasa rabin darajarta. Wannan shi ne ainihin abin da Wecyclers ke saye da makinsa: tsabtar kaya tun daga ƙofar gida.

Akwai kuma abin da babu wanda ke da iko a kansa a Legas, wato farashin ɗanyen mai. Daga man fetur ake yin sabuwar roba. Idan mai ya faɗi a kasuwar duniya sabuwar roba sai ta yi araha, masana'antu su juya wa tsohuwa baya. Gwangwanin alminiyom bai cika shiga wannan halin ba, domin narka tsoho na cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kacal na makamashin da ake buƙata wajen yin sabo. Shi ya sa da wuya a ga gwangwanin lemo ya daɗe a yashe a titi, amma ledar fiya-wata, mara nauyi mara tsada, ita ce ke cika kwata.

Gwajin da ya zo da manyan motoci

A shekarar 2017 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta ƙaddamar da wani sabon shirin tsabtace Legas, ta miƙa kwashe sharar gidaje ga kamfanin Visionscape mai alaƙa da Dubai. An yi shelar motoci 600 masu matse shara da kwanduna 900,000 da za a riƙa bibiya ta na'ura. Ƙananan kamfanonin cikin gida, su fiye da 300 da suka shafe shekaru suna bin gida-gida, aka ce su koma kan sharar kasuwanni da ma'aikatu. A watan Janairun 2018 kuma aka haramta aikin masu tura kura da baro, waɗanda da dama daga cikinsu 'yan ci-rani ne daga Arewa.

An janye tsofaffin hannaye kafin sababbi su kai yawan da ake buƙata. Shara ta taru a tsakiyar tituna da ƙarƙashin gadoji, jaridu suka yi ta buga hotuna, ƙananan kamfanonin suka garzaya kotu. A watan Oktoban 2018 majalisar dokokin jihar ta umarci tsofaffin kamfanonin su koma bakin aiki. A wannan watan ne Ambode ya faɗi zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsa, kuma batun shara na cikin abubuwan da aka yi ta ambata a lokacin.

Na'urar bin sawu a jikin kwando ba mugun abu ba ce. Tana iya faɗin inda kwando yake, wasu nau'ikan ma suna faɗin ko ya cika. Amma sanin cewa kwando ya cika bai amfana komai ba idan babu motar da za ta zo, ko kuma layin motoci a bakin bola ya cinye rabin yini. Kano ma ta ɗanɗana makamancin haka: a 2021 gwamnatin jihar ta damƙa aikin kwashe shara ga kamfanin Capegate, a shekarar da ta biyo baya aka soke yarjejeniyar, aiki ya koma hannun hukumar REMASAB.

'Yan jari-bola sun riga kowa

Ga mutumin Kano ko Kaduna ko Zariya, sayen shara ba sabon labari ba ne. Tun kafin a san wata manhaja, 'yan gwangwan na zagaya unguwanni da kura suna sayen tsohon ƙarfe da fasasshen bokiti da mataccen silifa, wani lokaci da kuɗi, wani lokaci a musanya da sabuwar roba ko alewar yara. Daga hannunsu kaya ke zuwa wurin mai sikeli, daga nan zuwa dila, daga dila zuwa injinan niƙa da masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai da Dakata, inda tsohuwar roba ke dawowa kasuwa a matsayin buta ko baho. Gwangwanaye na komawa tukwane a hannun maƙera. Gorar ruwa mai kyau ma ba ta kaiwa ga injin, masu zoɓo da kunun aya sun saye. Kasuwar Panteka ta Kaduna kacokan a kan wannan harka ta ginu.

Wato sarkar tana nan, kuma tana aiki ba tare da tallafin kowa ba. Abin da ta rasa shi ne daidai abin da waya ta iya: rubutaccen lissafi da shaida. Yaron da ya yini yana tsince ba shi da hanyar sanin farashin kilo a masana'anta, sai abin da mai sikeli ya faɗa masa. Ba shi da tarihin ciniki da zai nuna a ba shi bashin sayen kura tasa ta kansa. Ba shi da katin shaida da zai raba shi da ɓarawo. Wannan na ƙarshen ya zama babbar matsala, domin satar murafun kwalbati da wayoyin lantarki ta shafa wa sana'ar baƙin jini. A watan Janairun 2025 hukumomin Abuja suka haramta wa 'yan bola yawo a cikin birni, suka taƙaita su ga bololin bayan gari, aka kuma rufe kasuwannin panteka na wani ɗan lokaci don tantance masu su. Mai gaskiya da mara gaskiya duk hukuncin ya hau kansu, saboda babu rajistar da za ta bambanta su.

A Abujar dai akwai kamfani mai suna Chanja Datti, wanda Olufunto Boroffice ta kafa a 2015, da ke sayen roba da gwangwani da takarda a hannun jama'a yana sarrafawa. A Legas kuma wasu makarantu masu zaman kansu na karɓar gorunan roba a madadin wani ɓangare na kuɗin makaranta. Duk waɗannan a kan ginshiƙi ɗaya suke tsaye: a auna, a rubuta, a biya.

Wa zai biya kuɗin abin da ba ya sayuwa?

Kasuwa na kwashe abin da ke da daraja ne kawai. Farin mazubin abincin nan mai kama da soso babu mai sayensa, shi ya sa Legas ta haramta shi a watan Janairun 2024, ta kuma faɗaɗa haramcin zuwa wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar daga 1 ga Yulin 2025. Wata hanyar ita ce a ɗora wa kamfanin da ya saka kaya a gora nauyin dawo da ita. A kan wannan ne manyan kamfanonin lemo da abinci a Najeriya suka kafa ƙawancen FBRA a 2018, wanda ke tallafa wa masu tattara roba.

Jamus ta bi ta wata hanya. Duk wanda ya sayi lemo a gorar roba irin wadda ake amfani da ita sau ɗaya yana biyan ƙarin santi 25 na Yuro a matsayin ajiya. Idan ya shanye sai ya kai gorar cikin wata na'ura da ke bakin kanti, na'urar ta karanta lambar jikinta, ta duba siffarta, ta murƙushe ta, ta fitar da rasit a mayar masa da kuɗinsa. Kamfanin Tomra na ƙasar Norwe ya fara ƙera irin wannan na'ura tun 1972, kuma a ƙasashen biyu fiye da kashi 90 cikin 100 na gorunan suna dawowa. Sirrin ba a cikin na'urar yake ba, a cikin santi 25 ɗin yake. Da za a saka irin wannan ajiya a kan gora a Legas ko Kano, 'yan jari-bola da sikelinsu za su yi aikin na'urar tun kafin a shigo da ko guda ɗaya.

Akwai nau'in shara ɗaya da ya shafi masu bibiyar wannan shafi kai tsaye: matattun wayoyi, da caja, da fawa-bank, da batura. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna duniya ta fitar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma abin da aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Batirin litiyom, irin na waya da fawa-bank, idan injin matsi ya danne shi ko ƙarfe ya huda shi yana iya kamawa da wuta, kuma a tsakiyar dilar roba ko cikin motar shara wannan gobara ce babba. Batirin da ya kumbura ba a jefa shi cikin buhun gora ko kwandon shara. A liƙe bakin ƙarfensa da salatif, a ajiye shi a wuri mai sanyi nesa da katifa da labule, a miƙa shi daban ga mai gyaran waya ko mai karɓar kayan lantarki, a kuma faɗa masa abin da ke ciki.